Tarihin Kwal a Maƙwabta da Dokar Filaye a Katsina

Ba a haƙar kwal a Jihar Katsina. Mafi yawan jihar tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke ɓullowa tsauni-tsauni a wajajen Dutsin-Ma da Ƙanƙara, shi kuwa kwal ba ya samuwa sai a ƙasar da ta taru hawa-hawa, inda dazuzzukan fadama suka nutse, ƙasa ta danne su shekaru miliyoyi. Abin da ake aunawa a Babbar Kasuwar Katsina da bakin titunan birnin gawayin itace ne, wanda ake saukewa buhu-buhu, maƙera da masu guga da masu gasa masara da matan gida su saya a leda ko a kwano. Kwal yana can wajen maƙwabta: Enugu da Kogi a kudu, Gombe a gabas, da Anu Araren a ƙasar Agadas ta Jamhuriyar Nijar. Sai dai dokar da ta hau kan gonakin mutanen Enugu da Gombe ita ce za ta hau kan gonar Bakatsine duk ranar da aka ga farar ƙasa ko zinare ko dutsen gini a ƙarƙashinta. Tarihin kwal ne ya fi kowanne nuna yadda dokar take aiki, domin a nan aka ga farkon rami, aka ga ƙarshensa.

A shekarar 1909 wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi wata-wata ba, domin a lokacin daga Ingila ake kawo kwal ɗin da jiragen ƙasa da na ruwa ke ci. Tsakanin 1912 da 1913 aka kafa Fatakwal don ta zama ƙofar fitar da shi, aka ja layin dogo daga can zuwa bakin ramin, a 1916 kuma kwal ya fara sauka bakin teku. Filin na ƙauyukan Ngwo ne da maƙwabtansu. A 1915 da 1917 aka samu takardun da wasu sarakunan yankin suka sallama shi ga gwamnati, a ƙasar da kafin zuwan Turawa babu wani mutum ɗaya da ke da hurumin sallama gonar dangi. Garin Enugu kansa daga sansanin leburori ya tashi, ya bunƙasa har ya zama hedikwatar Jihar Gabas.

Arewa ta ci moriyar wannan rami fiye da yadda ake tunawa. A cikin shekarun 1920 layin gabas ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da na Legas zuwa Kano a Kaduna, a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi. Daga nan kwal ɗin Enugu ya zama abincin injinan da ke jan gyaɗar Kano da audugar Funtuwa, wadda ke kan reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Manomin ƙasar Katsina da ya kai auduga sikeli bai taɓa ganin ramin Udi ba, amma kuɗin da ya biya haraji da su sun ratso ta cikinsa.

Leburorin farko yawancinsu tilasta musu aka yi, ta hannun sarakuna irin su Onyeama na Eke, waɗanda ake biya gwargwadon mutanen da suka kawo. Da tafiya ta yi tafiya ma'aikatan suka kafa ƙungiya, suka fara neman haƙƙinsu. A watan Nuwamba na 1949 suka shiga yajin aiki irin na jan ƙafa, suna neman wasu kuɗaɗen da suka ce an riƙe musu. Ranar 18 ga watan aka tura 'yan sanda ramin Iva Valley su kwashe nakiyoyin da ke rumbu, aka yi cirko-cirko, aka buɗe wuta. Mutum 21 suka rasu, 51 suka jikkata. Kisan ya haɗa kan 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna, ya kuma ƙara wa fafutukar neman 'yanci ƙaimi. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya, wadda ta riƙe harkar ita kaɗai kusan shekara hamsin.

Haƙar ta kai ganiyarta a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da ake fitar da sama da tan 900,000 a shekara. Faɗuwar kuwa ba ta yi jinkiri ba. An samu man fetur a Oloibiri a 1956, hukumar jiragen ƙasa ta koma injinan dizal, hukumar lantarki ta karkata ga gas da ruwa, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki, ruwa ya cika ramuka. An yi ta yunƙurin farfaɗo da harkar da injinan waje, ba ta tashi ba, har aka daina haƙa a farkon shekarun 2000. Abin da ya rage shi ne ramukan Onyeama da Okpara da ke tsiyayar da ruwa mai tsami cikin rafukan yankin, da tsofaffin ma'aikata masu bin fansho, da filayen hukumar da ake ta jayayya a kansu tsakanin gwamnatin tarayya da ta jiha da jikokin waɗanda aka karɓe wa. Ba a rubuta tun farko wanda fili zai koma hannunsa in kwal ya ƙare ba, ba a kuma ajiye kuɗin cike rami ba. Waɗannan giɓi biyu su ne suka fi kwal ɗin daɗewa.

Mutanen Arewa ba sa bukatar zuwa Enugu kafin su ga irin wannan. Kafin Turawa, Hausawa na narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma. Kamfanonin Turawa suka mamaye Filato, aka kashe wannan sana'a, a yaƙin duniya na biyu kuma, tsakanin 1942 da 1944, aka yi ɗiban gwamna: aka kwashi talakawa daga lardunan Arewa, ciki har da na Katsina, aka kai su haƙar kuza a cikin sanyin Jos, da yawa ba su dawo ba. Yau kududdufan da kamfanonin suka bari suna nan barkatai a ƙasar Birom, mutane da dabbobi na faɗawa.

A Nijar labarin ya ɗauki wata hanya daban, domin can ba don jirgin ƙasa aka haƙa kwal ba, don yuraniyom aka haƙa. Ma'adinan Arlit na cikin hamada, nesa da kowane layin wuta, jigilar mai daga bakin teku kuwa tana cin kuɗi fiye da kima. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR, wanda gwamnati ke da kaso mafi girma a cikinsa, aka buɗe rami a Anu Araren kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. Ba shiga ƙarƙashin ƙasa ake yi ba kamar a Enugu. Yaye ƙasar sama ake yi da manyan injuna a kwashi kwal ɗin a fili. A 1981 tashar lantarkin da aka gina a bakin ramin ta fara aiki. Injinanta biyu ne, ƙarfinsu a haɗe bai kai megawat 40 ba, suna cin wajen tan 200,000 na kwal a shekara, wutar kuma tana tafiya Arlit da Akokan da Agadas da Cirozerin. Kwal ɗin mai toka ne ƙwarai, saboda haka tsibin toka da tarkacen ƙasa ke ta girma a gefen garin, ga ruwan da tashar ke sha daga rijiyoyin burtsatse a ƙasar da Abzinawa makiyaya ke auna arziki da rijiya.

An kuma gwada gasa wani kaso na kwal ɗin a sayar wa gidaje a madadin itacen girki, da nufin rage saran daji, amma bai ture itace daga murhun talaka ba. Akwai wani babban kwal ɗin a Salkadamna ta jihar Tawa, wanda aka daɗe ana maganar gina masa tashar megawat 600. Maganar ta sake tashi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Ɗaya daga cikin layukan da ke kai wutar daga Katsina yake tashi, ya nufi Maraɗi da Damagaram. A wannan tsakanin yankin da ke kan wutar Anu Araren bai dogara da Nijeriya ba, kuma wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa gwamnatoci ba sa sakin kwal ko da ƙasashen Turai na rufe nasu tashoshin. Ingila, wadda ta koya wa duniya cin kwal, ta kashe tasharta ta ƙarshe a watan Satumba na 2024. Afirka ta Yamma kuwa yanzu take buɗe sababbin ramuka.

A Nijeriya kamfanonin siminti ne suka dawo da kwal, domin tanderun siminti na bukatar wuta mai zafi da arha. A Okaba da ke ƙasar Ankpa ta Jihar Kogi an fara haƙa tun lokacin yaƙin basasa, da aka rasa na Enugu, yanzu kuma kamfanoni masu zaman kansu ke aiki a yankin. A Maiganga ta Ƙaramar Hukumar Akko a Jihar Gombe, kamfanin siminti na Ashaka ya fara haƙa wajen shekarar 2007. Aka tashi ƙauyen aka mai da shi wani matsuguni. Shekaru kaɗan bayan haka mazauna suka fito zanga-zanga, suna kukan gidajen da aka gina musu sun tsage, ruwan sha ya gurɓace, gonaki sun tafi, alkawuran da aka yi musu ba su cika ba. Kamfanin yana da nasa lissafin na makaranta da asibiti da rijiyoyin da ya yi. Abin lura shi ne an fara haƙar a daidai shekarar da aka kafa sabuwar dokar ma'adinai, mai cike da sassan kare al'umma, amma kukan mutanen Maiganga bai bambanta sosai da na mutanen Ngwo ba.

Tushen matsalar yana cikin yadda doka ta raba fili ɗaya gida uku. Bayan da Gwamna Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun ce ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannunsu. Dokar 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana saboda 'yan ƙasa, dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ɗora a kan haka, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta shimfiɗa tsarin a faɗin Nijeriya. Ma'adinai kuwa tun farko aka ware su. Har rabin kuɗin da gwamnati ke samu a kansu a wani babban yanki na Arewa aka yi wa Kamfanin Neja alkawari na shekara 99, a matsayin ladan sauka daga mulki a 1900. Yau sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne, kuma Majalisar Tarayya ce kaɗai ke yi masa doka. Wannan hukunci ba baƙo ba ne ga malaman Katsina, domin a mashahurin zancen mazhabar Malikiyya ma al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, ko da a gonar wani ya bayyana. Bambancin shi ne a fikihu an ɗaure wannan iko da maslahar jama'a, a nan kuwa sau da yawa ya tsaya a takardar lasisi.

Ga yadda rabon yake. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Doron ƙasa yana hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, shi ke ayyana inda ya zama birni. Filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a kansa, har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da neman yardar gwamna ba. Idan ukun suka yi karo, an riga an san wanda zai kauce. Sashe na 22 na Dokar Ma'adinai ta 2007 ya fifita haƙar ma'adini a kan kowane irin amfani da fili, ya lasafta ta a cikin maslahar jama'a, sashe na 28 na dokar 1978 kuma ya ba gwamna damar soke haƙƙin mai fili saboda ita.

Diyya ita ce inda manomi ke gane matsayinsa. Dokar filaye ba ta ɗauki ƙasar kanta a matsayin abin biya ba, tunda a wajenta ƙasa ba ta manomi ba ce. Abin da ake ƙirgawa shi ne abin da ke kanta. Jami'in kimantawa zai shigo da littafinsa da abin awo, dagaci na gefe, mai gona na biye da su yana nuna iyaka: daga waccan kukar zuwa bakin kwari, daga jerin gamba zuwa tsohuwar rijiya. Za a rubuta ɗorawa nawa, mangwaro nawa, rumbu nawa, ɗakin ƙasa nawa. Idan da rani aka zo, gero ba ya cikin lissafi, tunda babu shi a tsaye. Takin da aka shekara ashirin ana zubawa ba shi da layi a takarda. Wanda ya karɓi gonar aro ko jingina, da matar da ke noma gayauna a gefen gandun mijinta, da Bafulatanin da ke sauka a wurin bayan girbi, duk babu sunansu. Dokar 2007 ta ƙara wani abu, domin ta wajabta wa mai lasisi biyan kuɗin hayar fili duk shekara da diyyar ɓarnar amfanin gona da itatuwa da gine-gine. Amma kuɗin da aka karɓa sau ɗaya ba ya haihuwa kamar gona, kuma wanda bai iya komai ba sai noma, in kuɗin suka ƙare, leburanci ya rage masa a bakin ramin da ya cinye gonarsa.

Lasisin kansa a Abuja ake yanka shi, a Ofishin Rajistar Ma'adinai, bisa ƙa'idar wanda ya riga nema shi ke samu. An raba taswirar ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai, kowanne ya ɗan haura hekta 20, mai nema ya zaɓi waɗanda yake so, yanzu ma ta intanet. Lasisin bincike kan kai murabba'in kilomita 200 na shekara uku, na haƙa kuma har murabba'in kilomita 50 na shekara 25. Ana bukatar takardar amincewar masu fili, kuma a nan ɓarakar take. A ƙauyen da babu rajistar gonaki, sa hannun mutum ɗaya mai rawani ko mai faɗa a ji kan tsaya a madadin gidaje ɗari, kamar yadda na sarakuna ya tsaya a Ngwo a 1915. Wasu masu lasisin ma ba haƙar ce a gabansu ba, riƙe takardar suke yi su jira mai saye. Ma'aikatar ma'adinai ta soke lasisi 1,633 a watan Nuwamba na 2023 saboda rashin biyan kuɗin shekara, ta ƙara soke 924 a Afrilun 2024 saboda an bar su kwance. Kowane ɗaya daga cikinsu yana kan gonar wani.

Duk da haka, kuskure ne a ce jiha da ƙaramar hukuma ba su da abin yi. Wannan magana ta zama mafakar masu kasala. Sashe na 3 na dokar 2007 ya hana lasisi ya hau kan gari ko ƙauye ko kasuwa ko maƙabarta ko wurin tarihi, ya kuma hana haƙa a cikin mita 50 daga layin dogo ko madatsar ruwa ko hanyar jama'a ko ginin gwamnati. Babu wanda zai yi gardama cewa Babbar Kasuwar Katsina kasuwa ce, ko Gobarau wurin tarihi ne. Kariyar tana rauni ne a kan kasuwar ƙauye mai ci mako-mako a ƙarƙashin inuwar itatuwa, da maƙabartar da ba a kewaye ba, da rugar da ta shekara hamsin a wuri ɗaya amma babu ta a taswirar kowa. Burtali da mashaya ma ba a ambace su a jerin ba. Abin da ba a auna aka rubuta ba, a idon kwamfutar Abuja daji ne. Aunawa da rubutawa kuwa aikin jiha ne da ƙananan hukumomi 34 na Katsina, babu wanda ya hana su.

Akwai wasu ƙofofin. Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke a 2003 cewa tsara birane da karkara hurumin jihohi ne. Ke nan jiha na iya cewa ba za a gina gida kusa da wurin fasa dutse ba, ko ba za a kafa injin niƙan ma'adini a tsakiyar unguwa ba. Dokar 1978 ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Dokar 2007 ta tanadi kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha, inda wakilin ƙaramar hukuma ke zama idan maganar ta shafi yankinsa, ko da yake shawara kawai kwamitin ke bayarwa. Ta kuma wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a riƙa sabunta ta duk shekara biyar, ya gabatar da rahoton tasirin aikin ga muhalli, ya zuba kuɗi a asusun gyaran ƙasa. A takarda ba abin da ya rage. A ƙasa kuwa, sashen filaye na ƙaramar hukuma yawanci ɗaki ɗaya ne da ɗan kabad, aikinsa bai wuce yanka fuloti a bakin gari da karɓar kuɗin rumfunan kasuwa ba.

Nijar, duk da talaucinta, ta riga Nijeriya a wannan fage. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har gunduma, inda maigari da limami da wakilan manoma da makiyaya da mata ke zama tare da ma'aikatan gwamnati. Suna ba da takardar shaida ta gado da saye da kyauta da aro da jingina, suna kuma kafa alamun siminti a gefen burtali. Wanda ya bi ƙauyukan Maraɗi ya ga irin waɗannan alamu. Gyaran dokar ma'adinai na 2006 kuma ya ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Kuɗin kan makara, magadan gari na yawan kukan bashin da baitulmali ke riƙe musu, kwamitoci da yawa ba su da ko babur na zagaye. Amma a can ana iya nuna sashen dokar a ce ga haƙƙinmu. A Nijeriya kashi 13 cikin ɗari na asalin arziki jiha yake zuwa, kuma babu abin da ya tilasta ya isa ƙaramar hukumar da ramin ke cikinta. A Amurka, inda gundumomi ke da ikon tsara amfani da fili, sai da aka shekara da shekaru ana barin ramukan kwal a buɗe kafin dokar 1977 ta ce kamfani ya ajiye kuɗin jingina na gyaran ƙasa tun kafin ya sa injin farko. Wannan sharaɗi ɗaya ya fi dogon alkawari amfani.

Katsina ba ta rasa abin da za ta gwada waɗannan dokoki a kansa ba. Ana haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara tun da daɗewa, akwai masu neman zinare da diga da shebur a sassan kudu da yammacin jihar, akwai wuraren fasa dutse da ɗiban yashi da jar ƙasa a kewayen kowane babban gari. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa jihar ta Daura da Katsina da Jibiya, shi ma yana cin dutse da ƙasa, kuma zai sauƙaƙa jigilar duk wani abu mai nauyi da aka tono. Ga kuma abin da ya faru a Zamfara, wadda iyaka kawai ta raba ta da Katsina. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba a bukatar izinin Abuja kafin a hana niƙa dutse a cikin gari. Dokar ƙaramar hukuma da umarnin hakimi sun isa. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage haramcin a Disamban 2024, kuma dajin da ya haɗa Zamfara da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari ɗaya ne. Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, an san abin da ake yi wa nasa.

'Yan kasuwar Katsina na da ruwa da tsaki a wannan magana, ko da ba su lura ba. Ribar da ake samu a rumfunan atamfa da na hatsi da na kayan masarufi a Babbar Kasuwa, mafi yawanta a fili ake adana ta. Dillali zai zo da 'yar takarda mai hatimin mai unguwa da sa hannun shaidu biyu, a yi ciniki, a sa albarka, a kafa bulo huɗu a kusurwa. Mai saye ba ya tambaya ko akwai lasisin wani a kan wurin, ba shi ma da inda zai tambaya a cikin ƙaramar hukumar. Ramukan da 'yan tifa suka bari a bayan gari, waɗanda birni ke tarar da su yana faɗaɗa, su ne kududdufan da ke cin yara da damina. Ƙaramin misali ne na abin da ya samu Enugu da Jos, kuma yana faruwa ne a filin da doka ta ba jiha da ƙaramar hukuma cikakken iko a kan doronsa.

Jayayyar ko ma'adinai su koma hannun jihohi tsohuwa ce, tana bukatar gyaran Tsarin Mulki, kuma ba lalle ba ne ta amfani manomi, domin ofishin gwamna ma nesa yake da gonarsa. Abin da ke hannu ya fi wannan sauƙi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, ya kamata uzurin rashin kuɗi ya fara raguwa. Kowace ƙaramar hukumar da ke da ma'adini tana iya auna ƙauyukanta da kasuwanninta da maƙabartunta da burtalai da mashaya, a buga su a jaridar gwamnati, a aika wa ofishin rajista na Abuja. Tana iya buɗe rajistar gonaki da za ta haɗa da masu aro da jingina. Majalisar Dokokin jihar na iya kafa ƙa'idar tazara tsakanin rami da gidajen mutane, ta kuma ce ba a karɓar takardar amincewa sai an karanta ta da Hausa a bainar jama'a a ƙofar dagaci, an liƙa taswirar lasisin a sakatariya. Yarjejeniyar raya al'umma ita ma a karanta ta haka, a rubuta a cikinta wanda fili zai koma wa in an gama, da adadin kuɗin cike ramin da inda aka ajiye su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa dokar tarayya, babu kuma wanda ke jiran sa hannun minista. Aikin yana kan teburin shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da 'yan Majalisar Dokokin Katsina, kuma lokacin yin sa shi ne kafin injin haƙa ya iso ƙauyen.